Naira Hamsin a Jakata

Gobe zan miƙa rajistar aji biyu bayan shekara shida, amma wata ranar Talata ta ƙi barin raina.

Tambayar da na ba yaran ita ce, "Akwai naira 50 a jakata. Waɗanne takardun kuɗi ne a ciki?" Da naira 5, 10, 20 da 50, hanya 13 ake iya haɗa ta, amma ban faɗa musu ba. Wani ya ce wazobiya ɗaya, ya naɗe hannu. Wani ya ce murtala biyu da goma. Wata yarinya can baya, mai tallan awara in an tashi, wadda ban taɓa jin muryarta a darasin lissafi ba, ta jero hanya tara. Ba kame-kame ta yi ba: sai ta fasa goma ɗaya biyar-biyar, ta sauko layi na gaba. Canji ne, kullum shi take bayarwa.

Ana cikin hayaniyar sai mai duba makarantu ya leƙo, hedimasta na bayansa. Ko littafi ɗaya bai buɗe ba. Ya ce, "Malama, aji ne wannan ko kasuwa? Ina amsar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, amsoshin da yawa." Ya ce lissafin da ba shi da amsa ɗaya shirme ne.

Maganarsa ta yi zafi, amma abin da na yi ya fi ci mini rai. Da hannuna na goge allo, na rubuta 20+20+10=50, na ce kowa ya kwafa. Ina kallo yarinyar ta soke sauran takwas ɗin. Sai da zango guda ya wuce kafin ta sake ɗaga hannu.

Ban daina irin waɗannan tambayoyi ba. Na dai koyi ware mintuna goma na ƙarshe mu jera amsoshin a allo, don in babu wannan, gaskiya, hayaniya ce kawai. A ba su murafen kwalba su ƙirga. A riƙa tambayar yaro, "Ta yaya ka san ka gama?" Sannan a rubuta duk amsoshin a takardar shirin darasi, saboda baƙi masu neman amsa.

Shi kuwa mai duba makarantun ya rubuta a rahotonsa cewa ban iya riƙe aji ba. Takardar na nan cikin fayil ɗina, da ita zan tafi sabuwar makarantar.