Abin da ciwon kafaɗa ya koya mini a Jos

Lokacin da nake koyon aikin ƙashi a Jos, malaminmu ya ɗora mini gabatar da bayani kan ekzosom, wasu 'yan ƙananan ƙunshi da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, masu girman nanomita 30 zuwa 150 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya). Da aka gano su a 1983, an zaci shara ce ƙwayar ke zubarwa. Sai a 2007 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa suna kai saƙon RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin aikin ƙwaya, daga wata ƙwaya zuwa wata.

Amma inda na fi ƙaruwa shi ne sanin raunin da ake son warkarwa da su, wato yagewar jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashin kafaɗa. Ƙashi in ya karye, da sabon ƙashi yake haɗewa, shi ya sa maɗori ke yin suna. Mahaɗar jijiya da ƙashi kuwa hawa huɗu ce: jijiya, guringuntsi mai laushi, guringuntsi mai tauri, sannan ƙashi. In ta yage, ko likita ya ɗinke, tabo ne ke cike gurbin, ga jini ba ya wadatar wurin. Dalilin ke nan ɗan dako a kasuwar Farin Gada zai iya komawa bakin aiki, ɗinkin ya sake ɓallewa.

Nan masu bincike ke sa ran ekzosom. Ana tatso su daga ƙwayoyin ɓargo ko na kitse, a kan rage wa ƙwayoyin iskar oksijin ko a cusa musu saƙon da ake so, don ekzosom ɗin su kwantar da kumburi, su jawo tsirowar guringuntsi. In aka zuba su a jini, hanta da saifa na kwashe su nan da nan, don haka ake cakuɗa su da wani abu mai kama da ƙullun koko a shafa kan ɗinkin, su riƙa fita a hankali. Ajiyarsu ma sai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ga kuma halin wutarmu.

Da na gama, Malam ya ce, "Sakamakon binciken ya yi kyau. A jikin wa?" Na ce ɓeraye da zomaye, ranka ya daɗe. Ya ce, "To, ɓera na ɗaukar buhun dankali?"

Tun 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan asibitocin da ke sayar da allurar ekzosom ba tare da izini ba. Namu majinyacin dai, bayan ɗinki, rataye hannu zai yi mako 4 zuwa 6, sannan a fara motsa kafaɗar sannu-sannu.