Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: 1976, Shekarar da Yara Suka Fi Ƙarfin Ajujuwa

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a kan kammala kwalejin horon malamai da fitowarmu aiki a ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano. A wannan kashi zan ɗan janye kaina gefe, domin abin da ya faru a 1976 ya shafi duk wanda ya riƙe alli a lokacin, kuma wanda bai san yadda aka tafiyar da shi ba zai sha wuyar gane halin da firamarenmu ke ciki yau.

Sai an fara sanin yadda ake ɗaukar yara kafin wannan shekara. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke jagoranta, umarni daga fadar sarki yake tasowa. A rubuta wa hakimi cewa makarantar gari kaza tana buƙatar yara kaza a aji ɗaya. Hakimi ya kasa adadin a kan dagatansa, dagaci ya kasa a kan masu unguwanni, mai unguwa kuma ya shiga gida gida. Mutane ba sa so, don haka ake ɓoye yara a rumbu, ko a tura su gabas karatun allo kafin ranar ta zo, ko a kai wa mai unguwa ɗan abin hasafi ya tsallake gidan. Sau da yawa ɗan talaka, da maraya, da ɗan bara, da ɗan wanda ba ya ga maciji da mai unguwa, su ake turawa. Zalunci ne, ba na kare shi. Amma akwai abu guda da tsarin ya riƙe da kyau: kowane yaro da sunansa ya shiga rajista akwai babban mutum da ke amsa tambaya a kansa. Yaro ya yi fashin kwana uku, hedimasta ya aika wa dagaci takarda, dagaci ya kira mai unguwa, mai unguwa ya kira uban. Malami ma haka. In ya bar aji ya tafi kasuwa, labarin zai riga shi isa wurin hakimi.

A farkon 1974 Janar Yakubu Gowon ya yi shelar cewa za a ba kowane yaro ilimin firamare kyauta. Kuɗin man fetur ya shigo a lokacin, ana ganin babu abin da zai gagara. An kifar da gwamnatinsa a 1975, aka kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976, sai ya zama Janar Obasanjo ne ya ƙaddamar da wannan shiri na ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE, a watan Satumba na 1976. An mayar da firamare shekara shida, mu da muka saba da bakwai a Arewa. Masu tsara shirin sun yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa. Da aka buɗe makarantu sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: rarar yara 700,000, in aka zuba 40 a kowane aji, ajujuwa 17,500 ke nan da ba a gina ba, da malamai 17,500 da ba a horar ba, tun a safiyar farko.

Dalilin kuskuren ba ɓoyayye ba ne. An soke ƙidayar jama'a ta 1973 saboda rigimar da ta jawo, don haka da alƙaluman 1963 aka yi ta hasashe. Sannan an ce 'yan shekara shida za a ɗauka, alhali a ƙauye babu mai takardar haihuwa. Gwajin da muke yi shi ne yaro ya ɗora hannun dama ta saman kansa ya taɓa kunnen hagu. In ya taɓa, ya isa. Wannan gwaji yana tace ƙanana, amma ba ya hana manya, shi ya sa za ka ga ɗan shekara goma sha ɗaya a benci ɗaya da ɗan shida. Babba ya danne ƙarami a wurin zama da wurin amsa tambaya, shi kuma ya ji kunyar zama da ƙannensa, kafin aji uku ya gudu.

Maganar malamai ita ce ta fi ci mini rai, don haka zan daɗe a kanta. A wancan lokaci, takardar malanta mai daraja ta biyu shekara biyar ake yi mata bayan firamare, a makarantar kwana. Ban da darussa, ana koya wa ɗalibi sana'ar kanta. Yadda zai rubuta shirin darasi: manufa, kayan aiki, abin da yara suka riga suka sani, gabatarwa, matakan koyarwa ɗaya bayan ɗaya, tambayoyin aunawa, sai aikin gida. Yadda zai raba allo gida uku, ya ajiye kwanan wata da kan darasi a sama, ya yi rubutu ba tare da ya ba yara baya na tsawon lokaci ba. Yadda zai jefa tambaya ga aji duka, ya ɗan dakata, sannan ya kira suna, domin in ya kira suna tun farko sauran sun daina tunani. Yadda zai koyar da ƙirga da tsakuwa da 'ya'yan tsamiya da murfin kwalba kafin ya rubuta lamba ko ɗaya. Bayan haka a tura shi koyarwar gwaji na makonni a wata firamare, malaminsa ya zo ya zauna a bayan aji da takarda yana ba shi maki. Wanda ya faɗi wannan gwaji ba shi da takarda, komai ƙoƙarinsa a sauran jarrabawa.

UPE ba ta iya jiran shekara biyar. Sai aka buɗe gajerun hanyoyi: wanda ya ci jarrabawar sakandare a yi masa shekara ɗaya, wanda ya faɗi a yi masa biyu. Aka buɗe sababbin kwalejoji da sauri, wasu a gine-ginen aro, babu isassun masu koyarwa. Da hakan ma bai wadatar ba, aka ɗebi waɗanda suka gama firamare kawai aka ba su alli a matsayin malaman wucin gadi. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 don a riƙa ɗaga darajar irin waɗannan ta hanyar karatu daga nesa, kuma ta taimaki mutane da yawa. Sai dai yaron da ke aji ɗaya a wannan shekara ba zai tsaya jiran malaminsa ya ƙware ba. Kuskuren da na fi gani a makarantu shi ne hedimasta ya ba malamin da ya fi rauni aji ɗaya, wai ai yara ne, ya ajiye gwaninsa a aji shida saboda jarrabawar shiga sakandare. Kamata ya yi a juya. A aji ɗaya da biyu ake koyon haɗa baƙi da wasali. Yaron da ya wuce nan bai iya ba, zai kai aji shida yana kwafar abin da ke allo kamar zane, bai san me ya rubuta ba. Malamin da bai samu horo ba hanya ɗaya ya sani, ya faɗa yara su maimaita da ƙarfi. Daga waje ka ji aji ya ɗauki amo ka ce karatu ake, amma ka nuna wa yaro kalma ɗaya a tsakiyar layi sai ya yi shiru.

Gine-gine kuwa, 'yan kwangila sun samu kakarsu. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga badaƙalar siminti ta 1975 ba, lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas. Buhun siminti ɗaya in ana son bulo mai inci tara na kirki bai kamata ya wuce talatin da 'yan kai ba, a kuma yi ta ba shi ruwa har mako guda. Sai a buga hamsin, a ɗora gini washegari. Ka sa farce ka kankare bango yashi na zuba. Babbar matsalar tana wurin rufi: ba a ɗaure katakon da ƙarfe a jikin ginin ba, ɗora shi kawai ake yi a buga ƙusa. Iskar farkon damina tana zuwa sai ta ɗauke kwanon gaba ɗaya ta ajiye a gonar wani. Daɓen ƙasa siriri ne, cikin shekara biyu ya fashe ya koma turɓaya. Allo kuwa shafen siminti ne a bango, in ya koɗe sai a fasa tsohon batir a kwaɓa baƙin garinsa da ƙaro a shafa, a bar shi ya bushe kafin Litinin. Inda ba a gina komai ba, gindin bishiya da rumfar zana da zauren dagaci su suka zama ajujuwa.

A cikin wannan shekara dai aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a duk ƙasar. Dama tun ƙarshen shekarun 1960 an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya ƙarasa aikin, aka kafa zaɓaɓɓun kansiloli, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara. Jihar Kano aka raba ta ƙananan hukumomi 20. Akwai alheri a ciki, domin talaka ya samu sauƙin wasu abubuwa da ya daɗe yana kuka da su. Amma ta fuskar makaranta, an kwance igiyar da ke tsakanin aji da gida a daidai lokacin da yara suka ninka, ba a ɗaura wata a madadinta ba. Hedimasta ya rubuta wa dagaci, dagaci ya ce yanzu ba shi da ikon tilasta kowa. Ya rubuta wa ofishin ilimi, ofishin na da nisan tafiyar yini, mai duba makarantu ɗaya ne da babur ɗaya, makarantun da ke wuyansa sun ninka. An ce za a mayar da shirin dole a 1979, ba a yi ba. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Kano bayan hawanta a 1979, mutane sun yi murna kuma suna da hujja, sai dai lissafin gida gida da mai unguwa ke yi duk shekara saboda haraji shi ma ya tafi, alhali da shi ake sanin yara nawa ne a kowane gida.

Rajista ita ke faɗin gaskiyar makaranta ga wanda ya iya karanta ta. Ana kiran suna safe da rana, a haɗa jimla ranar Juma'a. Ka buɗe ta za ka ga ramukan a wurare sanannu. Ranar kasuwar garin, aji ya rabu biyu. Daga saukar ruwan shuka zuwa noman farko da maimai, maza sun tafi gona. Da kaka, girbi da roron gyaɗa. 'Yan mata kuwa talla ce da safe, daga aji huɗu zuwa biyar kuma sai ka ga an ja layi a kan suna, an yi aure. Da aka fahimci cewa yawan suna a rajista shi ke jawo yawan malamai da kayan aiki, sai wasu suka daina share sunan wanda ya bari. Takarda ta ce sittin, ka ƙirga kawuna ka samu ashirin da biyar. Mai dubawa na gaskiya ba ya yarda da rajista sai ya ƙirga yara, ya ɗauki littattafan rubutu guda biyar daga bencin baya ya ga ranar da aka yi musu maki na ƙarshe.

Makarantun da suka tsaya da ƙafafunsu a wannan ruɗani, na lura abu kusan iri ɗaya suka yi. Sun nemi malamin Arabiyya daga cikin garin, wanda iyaye suka sani suke bin sa salla, ba baƙo ba. Sun zauna da alarammomi aka daidaita lokaci, yaro ya yi karatun allo da asuba, ya zo boko da hantsi, ya koma allo da yamma. Hedimasta ya kwana a garin, ana ganin sa a masallaci da wurin suna da jana'iza. Kuma sun ci gaba da kai rajista gaban dagaci duk mako ko da doka ba ta ce a yi ba, domin mutumin ƙauye har gobe yana jin nauyin a kira shi ƙofar fada a kan ɗansa. Tsoron iyaye na gaskiya ne, suna gudun yaro ya bar salla, ya raina noma, ya raina su. Wanda ya zauna ya saurare su ya fi samun yara a kan wanda ya tsaya yana kiran su jahilai.

Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce a koyar da yara da harshen gida a shekarun farko, daga baya a koma Turanci. Shawara ce mai kyau, kuma mu Hausa ta ba mu sa'a tunda tana da daidaitaccen rubutu da littattafai tun zamanin Hukumar Talifi. Inda ake tuntuɓe shi ne wurin sauyawa a aji huɗu. Yaron da ya iya karanta Hausa sosai yana kama Turanci da sauri, domin ya riga ya san yadda baƙaƙe ke aiki. Wanda bai iya ko ɗaya ba sai ya rasa duka biyun, malamin ma ya koma yana karanta Turanci yana fassarawa har a tashi.

Daga nan sai kuɗi suka fara yankewa. Tsarin mulkin 1979 ya jingina firamare ga jihohi da ƙananan hukumomi, farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Malaman firamare a jihohi da dama suka riƙa yin watanni babu albashi, nagari suka tsere zuwa wasu ayyuka, waɗanda suka rage suka raba hankali tsakanin aji da gona. An kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988 don albashi ya riƙa zuwa kai tsaye, aka rushe ta a 1991, aka maido ta a 1993. Sannan Obasanjo ya dawo ya ƙaddamar da UBE, shirin ilimin matakin farko ga kowa, a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004, aka ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta ajiye nata rabin kafin ta ɗauka. Jihohi da yawa kan bar kuɗin a ajiye shekara da shekaru saboda ba su kawo nasu ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kwalejojin horon malamai kuma aka rufe su ɗaya bayan ɗaya, aka ce NCE, takardar da kwalejin ilimi ke bayarwa, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa, ba tare da an kwashe irin horon aji na wancan tsari an zuba a sabon ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga shekarun da aka mayar da ni aikin duba makarantu, da yadda ake gane malamin bogi a takardar biyan albashi.