Makullin da na bari a gida ranar kai amarya

Mako uku ke nan da bikin ƙanwata a unguwar Birni ta Damagaram, har yau in na buɗe hotunan daren kai amarya sai raina ya ɓaci. Laifin kuma nawa ne ni kaɗai.

Kyamara Leica M9 gare ni, ta hannu, wadda na yi shekara biyu ina tara mata kuɗi. Samfurin 2009 ce, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ta ya san matsalar: jikinta sumul kamar sabulu. Tsofaffin na fim irin su M6 suna da ɗan hannun nan na murɗa fim, kana jingina babban yatsa a kansa. Ita da yake ta dijital ce, ba ta da shi. Shi ya sa na sayi madogarar yatsa, wani ɗan ƙarfe da ake zurawa a mazaunin filas a ɗaure da ƙaramin sukuru. Gaskiya ta yi aiki. A hawan Sallah, ƙofar fadar Sarkin Damagaram, da hannu ɗaya na yini ina ɗaukar dawaki da dogarai cikin turmutsitsi, kyamarar ba ta suɓuce ba ko sau ɗaya. Da almuru ma nakan rage saurin ɗauka har 1/15 na daƙiƙa, hoto ya fito tsaf.

To, a mazaunin filas take zaune. M9 ba ta da filas a jikinta, ba ta da wata kafar waya ta daban da za ka jona shi. Mazaunin nan ɗaya ne tak. In madogara na ciki, filas ba shi da wurin zama.

Na san haka sarai, amma ban damu ba, don a lokacin ina cikin masu raina filas. Mu masu renjifainda, wato kyamara irin Leica M, muna da wannan girman kan. Mun ji labarin Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, wanda ya yi rayuwarsa da Leica yana gudun filas, sai muka mayar da abin kamar farilla. Har nakan ce wa yaran da ke ɗaukar hoto a bukukuwa suna kashe wa mutane ido ne kawai. Na jefa filas ɗin a jaka don kada a ce ban zo da shiri ba. Ɗan makullin nan mai kusurwa shida da ke kwance sukurun kuwa, yana can gida a unguwar Zango cikin gwangwanin allura.

Ana fito da amarya, tsofaffi sun kewaye ta da nasiha, sai aka ɗauke wuta.

Na zaro filas, na kai hannu kan madogara, ta ƙi motsi. Na gwada da farce, na gwada da makullin babur, wata yarinya ta miƙo mini tsinken ɗan kunne. Sukurun da na ɗaure tamau da hannuna don kada ƙarfen ya faɗi a hawan Sallah, shi ne ya tsaya mini. Na kai ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ƙarshensa, 2500, na buɗe gilashin 35mm har f/2 don haske ya shiga, ina ɗauka a 1/8 na daƙiƙa. A duhun nan ko inuwa biyun da ake haɗawa a tsakiyar tagar leƙe don saita hoto ba na gani, sai in wata ta ɗaga tocilar waya in kama gefen mayafi in daidaita.

Abin da na kasa ganewa tun farko shi ne, madogara hannuna take hana rawa. Ba ta hana kaka girgiza kai, ba ta hana amarya sheshsheƙa. Bangon ɗakin da jeren kwanoni sun fito daram. Mutanen kuwa kamar hayaƙi. Cikin abin da na ɗauka a ɗakin, uku ne kawai za a iya nuna wa wani.

Hoton da ke rataye a ɗakin ƙanwata yanzu, ɗan maƙwabta ne ya ɗauka da Tecno, da filas ɗinta. Gwaggo ta ce mini, "Kai ɗan nan, wannan abin da ka ce ya fi babur tsada, ashe makaho ne da dare?" Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri." Me zan ce?

Daga baya na zauna na gwada abin da na daɗe ina zagi. M9 tana tafiya da filas har saurin 1/180 na daƙiƙa. In ka rage ƙarfinsa ka juya kansa ya bugi farin bango ko silin, hasken yakan sauko a hankali, fatar mutum ta fito da kyanta ba tare da ƙyallin goshi ba. Kuma da yake babu madubin da ke tashi ya rufe maka gani kamar a wasu kyamarori, kana kallon fuskar mutum a daidai lokacin da hasken ya tashi, ka san ko ya ƙifta ido. Bruce Gilden ma da Leica ya yi suna a titunan New York, filas a ɗaya hannun. Ban san me ya sa na riƙe sunan Cartier-Bresson na manta da Gilden ba.

Ban jefar da madogarar ba, da rana tana nan a wurinta. Amma in an gayyace ni wani abu bayan magariba, tun a gida nake kwance ta. Makullin kuma na ɗaure shi da zare a jikin igiyar kyamara, na sayi na biyu a kasuwar Dole na sa cikin jakar babur. Gwaggo ta gan shi yana reto ranar Juma'a ta tambaye ni ko laya ce.