Kiran hidima da hannun iyali

Cocin Katolika yana riƙe da sakramenti 7, wato manyan ibadu masu tsarki, ciki har da naɗin firist, yayin da yawancin ikilisiyoyin Furotesta suka tsaya a kan Baftisma da Jibin Ubangiji. Duk da wannan bambancin, na yarda cewa wanda Allah ya kira domin ya yi wa jama'a baftisma, ya kuma kakkarya musu gurasa, yana bukatar iyalinsa ƙwarai.

A cikin Littafi Mai Tsarki, Hannatu ce ta kai ɗanta Sama'ila wurin Eli firist a Shilo bayan ta yaye shi, kuma kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Wannan rigar tana taɓa zuciyata, domin shekarun makarantar tauhidi suna da tsawo, ɗalibin kuma yana bukatar addu'a, sutura da ziyara daga gida.