Talata, ranar duba aikin ɗalibai

Yau ɗalibaina 'yan aji huɗu suka gabatar da aikinsu na zana ƙwaƙwalwar na'ura, ɗan guntun silikon ɗin nan da ke cikin waya da kwamfuta. Tun asuba na baro Agege don in tsere wa gosulo.

Tun farkon zango na kasa su rukuni-rukuni yadda kamfanoni ke yi: akwai mai rubuta zanen da Verilog, yaren da ake rubuta zanen irin wannan ƙwaƙwalwa da shi, akwai mai gwaji, akwai shugaba mai riƙe da jadawalin aiki. Sharaɗina ɗaya ne, wanda ya rubuta ba shi zai gwada ba.

Rukunin farko ƙaramin injin sarrafa umarni suka gina bisa RISC-V, tsarin umarnin ƙwaƙwalwar na'ura da aka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 2010, wanda kowa ke iya amfani da shi kyauta. Sun ɗora shi a allon FPGA, wato guntun silikon da ake iya ɗora wa zane a goge a sake, fitilu na ta ƙyaftawa, suna ta murna. Can sai mai gwajinsu, wata 'yar Idi-Araba da ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. "Malam, in umarni ya ɗauko bayani daga ma'adana, na bayansa kuma yana bukatarsa nan take, tsohuwar ƙima yake ɗauka." Ta nuna mana a allo, daidai layin da siginar ta makara da bugun agogon na'urar ɗaya. Mai zanen ya ɗaure fuska. Wallahi ni kuwa daɗi ya kama ni.

Na tuna musu abin da ya sami kamfanin Intel a 1994, lokacin da kuskuren lissafin rabawa a ƙwaƙwalwar kwamfutarsa mai suna Pentium ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. A FPGA ka goge ka sake cikin minti kaɗan. Amma da zarar zane ya tafi masana'anta, sai ka jira watanni, kuma abin da aka sassaƙa ya sassaƙu. Shi ya sa nake so su daina kallon gwaji a matsayin aikin raggo.

Da rana aka ɗauke wuta, muka ƙarasa da batirin laftof. Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa, tun 2020 da aka buɗe wa kowa ƙa'idojin zane na masana'antar silikon ta SkyWater, yaro da laftof ɗin kasuwar Computer Village da manhajar zane ta kyauta mai suna OpenLane zai iya kai zanensa har matakin da masana'anta ke karɓa.

Makin mai gwaji daidai da na mai zane na ba su. Mako mai zuwa rukunoni za su yi musayar zane, kowa ya nemo kuskuren ɗan'uwansa.