Sun kwafi kayan Squid Game amma sun baro zuciyarsa a Koriya

Tun kafin mu yi nisa, wanda bai kalli Squid Game (fim ɗin Koriya ta Kudu mai dogon zango, inda mabuƙata ke wasannin yara don cin kuɗi, wanda ya faɗi a kashe shi) ko gasar da aka yi a kansa ba kuma yana da niyya, to ya sani zan fasa ƙwai sosai a nan.

Abin da yake damuna da Squid Game: The Challenge, wato gasar da mutanen gaske suka yi, ba wai an yi shi ba kyau ba ne, wallahi an kashe kuɗi kuma ya fito tsaf. Mutum 456 kamar yadda yake a fim ɗin, koren kaya masu lamba a ƙirji, gadajen nan masu hawa-hawa, masu gadi da jan kaya da rufaffiyar fuska, ƙaton asusun gilashin da kuɗi ke zubowa ciki, har 'yar tsanar nan mai juyo da kai. Netflix ta sake shi ranar 22 ga Nuwamba 2023, kyautar dala miliyan 4.56, duk wanda aka fitar a ƙara dala 10,000 a asusu. Komai sun kwafa. Abu ɗaya ne suka bari, kuma shi ne dalilin da ya sa fim ɗin na 2021 ya shiga zuciyar mutane tun farko.

Ni a wajena kashin da ya fi kowanne nauyi a zangon farko na fim ɗin shi ne na biyu, wanda babu wasa ko ɗaya a cikinsa. Bayan wasan farko an kashe mutum 255, sauran 201 suka kaɗa ƙuri'a, da ƙyar masu cewa a tashi suka yi rinjaye da ƙuri'a ɗaya tak, aka maida kowa gida. To sai me? Gi-hun, jarumin fim ɗin, ya koma ya tarar da mahaifiyarsa ciwon suga ya ci mata ƙafa, ana maganar tiyata, babu inshora babu kuɗi, tsohuwa ta fice daga asibiti ta koma aiki tana ɗingishi. Sang-woo da duk unguwa ke alfahari da shi don ya yi Jami'ar Ƙasa ta Seoul, 'yan sanda na nemansa, ya ci kuɗin mutane har shagon mahaifiyarsa ya jinginar. Ali, ɗan Pakistan, maigidansa ya riƙe masa albashin watanni ga mata ga jariri. Sae-byeok ta tsere daga Koriya ta Arewa, ƙaninta na gidan marayu. Sai ga shi mutum 187 daga cikin 201 sun koma da ƙafarsu, sun ga jini da idonsu sun san harbi ake yi, amma suka auna suka ga waje ya fi ciki muni.

Wannan komawar ita ce fim ɗin. Hwang Dong-hyuk ya rubuta labarin ne tun wajen 2009 lokacin da shi kansa bashi ya yi masa katutu, ya shekara kusan goma ana ƙin karɓa, kuma tarihin Gi-hun na korar ma'aikata da yajin aiki ya ɗauko shi ne daga abin da ya faru a kamfanin motoci na Ssangyong a 2009. Mutumin da gaske yake, magana yake a kan bashi da yadda talauci ke cire wa mutum zaɓi har ya sa hannu a kan mutuwarsa yana cewa ai da son ransa ne.

Yanzu a ɗauko gasar. Wanda aka fitar, wani ɗan ƙunshin baƙar tawada ne ke fashewa a ƙirjinsa, sai ya zube ƙasa kamar ya mutu, wasu har da ɗan salo suke faɗuwar, daga nan a kai shi otal ya hau jirgi ya koma gidansu. Kada wani ya fahimce ni a baibai, ba cewa nake a kashe mutane ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne da zarar ka cire mutuwa kuma ka cire rashin mafita, to labarin ya juye ya zama wani abu daban, su kuma masu shirin sun ci gaba da saka kiɗan tashin hankali kamar ba abin da ya canza. Akwai masu bashi a cikin 'yan gasar, akwai masu buƙata ta gaske, ban raina damuwar kowa ba, amma da yawa sun zo ne suna tsalle suna ihu don sun ga 'yar tsanar da suka sani a talabijin. A fim ɗin ganinta tashin hankali ne.

Kuma ga abin da ya fi tsaya min a rai. A fim akwai manyan baƙin nan VIP, attajirai masu rufe fuska da zinare, suna kishingiɗe suna shan giya suna caca a kan wa zai faɗo daga gadar gilashi, an yi su ne don mu tsane su. To a gasar wa ke zaune a kujerarsu? Mu ne masu kallo, da kamfanin da ya shirya. Fim ɗin ya nuna mana mai kallon da yatsa, gasar kuwa ta ba mu kujerarsa ta ce mu zauna mu ji daɗi. Kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito cewa zangon farko na fim ɗin ya ci dala miliyan 21.4, Netflix kuma ta ƙiyasta darajarsa a kusan dala miliyan 900, shi kuwa Hwang ya faɗa a hira cewa ba a ba shi wani ƙarin lada ba kan wannan nasara. Sai kuma a ɗauki labarinsa na sukar masu kuɗi a mayar da shi wata sabuwar hanyar samun kuɗi.

Maganar sanyi ma ta fito. An ɗauki wasan farko na gasar ne a watan Janairu 2023 a Cardington da ke Ingila, cikin wani ƙaton tsohon ɗakin ajiye jiragen sama, ana tsakiyar hunturu. Abin da muka gani a matsayin minti biyar, 'yan gasar sun ce sa'o'i aka kwashe ana yi, a tsayar da mutum cak ba motsi na tsawon lokaci ana duba wa ya motsa, har wasu sai da ma'aikatan lafiya suka duba su. Netflix ta musanta cewa an samu mummunan rauni.

Amma fa adalci ya sa in faɗi inda gasar ta kama ni, wato wasan ƙwallayen gilashi. An yaudare su da cewa cin abinci ne na shaƙatawa, kowa ya zaɓi abokin zama, kowa kuwa ya jawo wanda ya fi so, sai ga ƙwallaye a ƙasan kwando. Akwai uwa da ɗanta, lamba 302 da 301, dole ɗaya ya fitar da ɗaya, ɗan ya yi nasara, kuma hawayen da aka yi a wurin babu marubucin da ya rubuta shi. A fim mun ga Sang-woo ya cika wa Ali jaka da tsakuwa, Ali na yawo yana kiran sunansa da yarda, har yau in na tuna sai zuciyata ta karye, sai dai a can za ka iya cewa bindiga ce a kansa. A gasar babu bindiga, amma ga ƙulla ƙawance ana warwarewa, ga nuna wani a fitar da shi ana murmushi. Masu shirin ma sun gane nan ne ƙarfinsu, shi ya sa suka cusa gwaje-gwajen cin amana tsakanin wasanni, suka cire jan igiya suka sa wasan nutsar da jiragen ruwa don kada ƙarti su cinye komai.

Ƙarshen ma ya bambanta sosai. Gi-hun ya ci won biliyan 45.6 na kuɗin Koriya ta Kudu, ya dawo gida ya tarar da gawar mahaifiyarsa a ƙasa, ya shekara guda bai taɓa kuɗin ba yana yawo kamar mahaukaci. A gasar kuwa Mai Whelan ce ta ci, lamba 287, mai shekara 55, wadda ta baro Biyetnam tana yarinya a matsayin 'yar gudun hijira ta kuma yi aikin sojan ruwa a Amurka, ta doke abokin karawarta a wasan dutse, takarda, almakashi ta samu makullin da ya buɗe akwatin. Na taya ta murna har zuciyata, matar ta iya karanta mutane kuma ta cancanta. Sai dai shirin ya rufe ne da biki da rungumar juna, babu wanda ya tsaya ya tambayi su wa suka shirya wasan ko me ya sa mutum 456 ke buƙatar kuɗin nan haka, alhali tambayar nan ce ta hana Gi-hun hawa jirgin da zai kai shi wurin 'yarsa a Amurka.