Wa ke zaune kusa da shi lokacin da hankalinsa ya tafi?

Maganar magungunan nan masu juya hankali irinsu LSD da psilocybin ta dawo da ƙarfinta a duniyar bincike, kuma nasan mutane dayawa da zarar sunji sunan sai suce ai ƙwaya ce kawai a rufe zancen. To ni dai bazan iya rufewa ba, saboda akwai marasa lafiya na gaske a ciki.

Albert Hofmann ne ya haɗa LSD a kamfanin Sandoz dake birnin Basel na ƙasar Switzerland a 1938, sai a 1943 ya gano abunda take yi wa mutum. Likitoci sunyi ta gwaji da ita har Amurka ta sakata cikin jerin haramtattun ƙwayoyi a 1970, bincike ya kusa mutuwa murus. Roland Griffiths na jami'ar Johns Hopkins yana cikin waɗanda suka farfaɗo dashi a 2006, a 2016 kuma aka fitar da sakamakon gwajin psilocybin akan masu ciwon daji da fargabar mutuwa ta addaba, dayawansu damuwar ta sauka har tsawon watanni. Wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan ciwon yasan wannan ba ƙaramin abu bane.

Na'ura ma ta taka rawa sosai. A 2012 tawagar Robin Carhart-Harris a Imperial College dake Landan sun saka mutane cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa bayan an basu psilocybin, ana zaton za'aga ƙwaƙwalwa ta ɗau zafi, sai gashi wasu manyan mahaɗanta ne sukayi sanyi, musamman ɓangaren nan dake aiki idan mutum yana saƙa da warwara akan kansa. Wallahi abun yana burgeni. Amma shi injin, jini kawai yake bi a cikin kai, baisan me ke faruwa a ɗakin da ake baiwa mutum maganin ba.

Ga yadda ɗakin yake: mutum na kwance akan doguwar kujera, an rufe masa ido, an saka masa abun jin kiɗa a kunne, mutum biyu na zaune gefensa awa shida zuwa takwas. A tsakiyar abun zai iya fashewa da kuka, ya manta inda yake, ya miƙo hannu yana neman wanda zai riƙe shi kamar yaro ƙarami, kuma duk abunda aka faɗa masa a wannan halin shigewa yake ba birki. Takardar amincewar da ya saka wa hannu tun kafin a fara, ta yaya zata kareshi a awa ta uku lokacin da ko a'a baya iya cewa?

Kuma an riga an ci amanar nan. Hukumar leƙen asirin Amurka CIA ta fara wani shirin sirri mai suna MKUltra a 1953, tana baiwa mutane LSD ba tare da saninsu ba. Kada ace wannan tsohon zance ne, a wani gwajin MDMA (itama ƙwaya ce mai juya hankali) da akayi a Kanada wasu masu kula biyu sun wuce gona da iri da wata mara lafiya, suna danneta suna rungumarta tana cikin maye, kuma kamara na ɗauka, bidiyon ya daɗe a ajiye kafin a tsaya a kalleshi da kyau. Wannan ne yafi tsaya min a rai, kayan aikin sa ido suna nan amma ba'a sa idon ba. A watan Agustan 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka FDA taƙi amincewa da MDMA a matsayin maganin firgicin da ke bin mutum bayan tashin hankali, ta nemi a sake gwaji, ni kuma ina ganin tayi daidai duk da nasan akwai tsoffin sojoji da suka ɗora rai akai.

Ostareliya tun watan Yulin 2023 ta baiwa wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta MDMA da psilocybin. A jihar Oregon ta Amurka kuwa, inda aka kaɗa ƙuri'ar amincewa da psilocybin a 2020, mai zama da mutum ba sai likita ba, horo kawai zai samu a bashi lasisi. Ina so a cigaba da binciken nan da gaske, amma kafin a ƙara buɗe ƙofa ina so naji wa ke kallon bidiyon kowane zama, wa ke biyansa albashi, kuma ina mara lafiya zata kai kuka idan ta farfaɗo ta tuna abunda akayi mata.